A Koya Wa Yaranmu Kwanciya A Kan Ruwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwanta ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rayuwar wannan yanki ta sauya. Ana noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa rani da damina. Amma ruwan da ya kawo arziki ya ratsa ta bakin ƙauyuka, inda yara ke wanka da wanki da shayar da dabbobi. Abin da iyaye suka fi yi shi ne hani da tsawa: "Kada in ƙara ganinka a bakin kanal!" Ra'ayina shi ne hani kaɗai ba ya isa. Yaron da ya tashi a gefen ruwa zai shiga ruwa, ko da saninmu ko a ɓoye. Abin da zai cece shi ran da ƙafarsa ta zame shi ne ya san cewa jikinsa na iya tasowa sama.

Dalilin ba boyayye ba ne. Duk abin da ya shiga ruwa yana ture wani ruwan daga wurinsa, shi kuma ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin abin da aka ture. Masanin nan na Girka, Arkimidis, ya bayyana haka fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Lita ɗaya ta kitsen jiki kimanin giram 900 ce, don haka kitse yana tasowa. Tsoka ta ɗara ruwa nauyi kaɗan, ƙashi kuwa ya fi shi sosai. Abin da ke raba gardama shi ne huhu, wanda a jikin babban mutum yakan ɗauki iska har kusan lita shida. Idan huhu ya cika, jiki gaba ɗaya yakan ɗan fi ruwa rashin nauyi, sai ya taso. Idan iskar ta fita, sai ya fara yin ƙasa. Masunta sun daɗe da sanin wannan sirri. Shi ya sa a bikin kamun kifi na Argungu ake ganinsu kwance a kan manyan goruna.

To me ya sa mutane ke nutsewa? Firgici ne. Wanda ya faɗa ruwa yakan yi ihu, iskar huhunsa ta fice. Yakan ɗaga hannuwa da kai sama, alhali duk gaɓar da ta fita daga ruwa ta rasa mai tallafa mata, nauyinta ya danna sauran jiki. Kan babban mutum kaɗai ya kai kusan kilo biyar. Ga shi ruwan kanal ba shi da gishiri kamar na teku, don haka bai kai shi ɗaga jiki ba. Yana gudu, gefensa kuma akwai santsin gansakuka. Samarinmu manoma masu ƙarfi da ƙarancin kitse sun fi kowa buƙatar riƙe numfashi.

Darasin gajere ne: kwanta rigingine, mayar da kai baya har kunnuwa su shiga ruwa, buɗe hannuwa da ƙafafuwa, yi numfashi a hankali. A koya wa yaro wannan a ruwa marar zurfi, marar gudu, babban da ya iya iyo yana riƙe da shi. Wani zai ce koyarwar za ta ƙara wa yara ƙarfin hali. Tsoron yana da tushe, shi ya sa koyarwa ba ta maye gurbin sa ido ba. Yaro ƙarami ba a barinsa shi kaɗai kusa da ruwa, ko da na baho ne. Sai dai jahilci bai taɓa hana yaro zuwa rafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A ƙarshen Nuwamban shekarar ne jirgin ruwa ya kife a Bagwai, akasarin mamatan kuma ɗaliban Islamiyya ne.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, dole in ja hankali kan abin da ake sha. Piriton da diyazefam da tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a 2018, duk suna kawo barci da sanyin jiki. Wanda ya sha su kada ya shiga ruwa, kada ya je ban-ruwa shi kaɗai da dare. Mai farfaɗiya kada ya tsallake maganinsa, kada ya kusanci kanal ba tare da rakiya ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin kada ya shiga ruwa da yunwa.

Idan kun ga wani yana nutsewa, ku tuna maganar magabata: wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kada wanda bai ƙware ba ya faɗa. A miƙa sanda ko igiya, ko a jefa jarka wadda ba kowa a cikinta, a rufe da murfinta. Mai cin lita 20 tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 20 a ruwa, wanda ya isa ya riƙe kan mutum a sama. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen matse cikinsa ko juya shi ƙafa sama. A hura masa iska ta baki, a danna ƙirji, a garzaya asibiti. Ko ya farfaɗo, a kai shi a duba, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Ina kira ga malaman makarantu da masu unguwanni da ƙungiyoyin manoman rani su ɗauki wannan aiki, su kuma rataye igiya da jarka a duk mashigar da yara ke taruwa. Kuɗinsu bai kai na buhun taki ba. Allah Ya tsare mana zuriya.