Filin Mata: Goyon Yaro A Keke Cikin Birnin Kano

Yau zancenmu na keke ne. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan matar aure da keke?" To, saurara. Ko ba ke za ki hau ba, ɗanki ne za a goya, in kuwa ya dawo da rauni, ke ce za ki kwana ba barci.

Ga abin da ya jawo maganar. Da hutun makaranta na je Kano wurin yayata, tare da ɗana mai shekara 5. Babban ɗanta ya ce zai goya shi a keke ya nuna masa gari. Ya ɗora shi a kariya, ƙafa ba takalmi, tana reto. Ba su kai Ƙofar Nassarawa ba diddigen yaron ya faɗa cikin wayoyin tayar baya, fata ta saɓule. Mako 3 muka yi muna zuwa asibiti wanki. Laifin wa ke nan? Nawa ne, domin ina tsaye a zaure suka tashi, ban duba kome ba.

Amma kada wannan ya sa ki hana ɗanki fita. Tsohon birni lunguna ne, mota ba ta shiga da yawansu, a-daidaita-sahu kuwa sauri ya ke yi. Mai keke shi ne ke tsayawa inda ya ga dama, yaro ya duba, ya yi tambaya. Abin da a ke so kawai shi ne ki duba abu biyar kafin su tashi.

Na farko, ƙafa. A sa wa yaro takalmi mai rufe diddige, ba silifa ba. A nemi mai gyaran keke ya yi masa matakin ƙafa, ya rufe gefen tayar baya da faifan roba ko katako marar nauyi, a ɗaure sosai.

Na biyu, mazauni. Kariya tsirara ba kujera ba ce. Ƙaramin yaro yana bukatar abin jingina da ɗamara, gama iska na kaɗa shi sai barci, in ya yi barci kuwa sai ya zame. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ɗora shi sam, wuyansa bai yi ƙwari ba. Kada kuma a goya yaro da zane a hau keke. In an faɗi, a kansa za a faɗi.

Na uku, birki. Matsa na gaba da na baya da hannunki, ki tura keken ki gani ko ya tsaya. Na huɗu, kai: hular kwano daidai kansa, a ɗaura igiyarta. Na biyar, gorar ruwa. A fita da sassafe, a dawo kafin rana ta take. Kada a fita da azahar ran Jumma'a, ko ranar hawan salla da dawaki suka cika hanya.

To, ina za a kai shi? A fara daga Ƙofar Nassarawa. Nan za a gaya masa cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano, sarakunan baya suka ƙara mata faɗi. Ganuwar ta zaizaye a wurare da yawa, an kuma rushe waɗansu ƙofofi an sāke gina su don faɗaɗa titi. Saboda haka gara ya ga abin da ya saura da idonsa tun yanzu.

Daga nan sai Gidan Makama, wanda ya zama gidan adana kayan tarihi. A jingine keke a shiga da ƙafa. Kusa da shi ga gidan Sarki, watau Gidan Rumfa, ginin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Gaba kaɗan ga Babban Masallaci, wanda aka sāke ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. In an bi titi gabas sai marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke lissafa ta tun daga 1498. Yara na son ganin yadda farin ƙyalle ke shiga ruwan baba ya fito shuɗi, amma a riƙe hannunsa, ramukan suna da zurfi. Wannan ya isa yini guda.

Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa, da Dutsen Dala inda Barbushe ya zauna, a bar su sai wata rana. A Kurmi sauka a ke yi a tura keke. A Dala kuwa a bar shi a gindin dutse wurin amintacce, a hau da ƙafa, yaro ya hangi birni duka.

Ku 'yan makaranta masu goyon ƙannenku, ku tattara bakin hijabi da zane kafin ku hau, kada taya ko kaca ta fizge su. Kada ku goya biyu. In kun zo mararraba mai cunkoso, ku sauka ku tura, ba abin kunya ba ne.

In tsautsayi ya auku, wanke raunin da ruwa mai tsabta, rufe da ƙyalle mai tsabta, ki nufi asibiti. Kada a sa toka ko baƙin mai. Raunin taya yakan fi yadda a ke ganinsa zurfi, wani lokaci har ƙashi ya tsage a ciki.

Ɗana ya warke, saura tabo. Da muka koma Kano ya hau Dala, har yanzu bai daina ba da labari ba. Amma ran nan sai da na tsuguna na duba keken da kaina tukuna. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.