Lissafin Ruwa Kafin Lissafin Nisa: Tattakin Kewaye a Kwazazzabon Hamada

A watan Yuli na 2004 wata ɗalibar koyon aikin likita, 'yar shekara 24, ta gangara cikin Giran Kanyon, babban kwazazzabon nan na jihar Arizona ta Amurka, tare da wani abokin tafiya. Ba raguwa ba ce, domin 'yan watanni kafin nan ta kammala tseren dogon zango na birnin Boston cikin sa'a uku da 'yan mintoci. Ta ɗauka hanyar ba ta wuce kilomita 24 ba, ashe ta kai 43. Ruwan da ta riƙa lita ɗaya da rabi ne kacal, zafin ranar kuwa ya kai digiri 40. Ba ta fito da rai ba.

Abin da ya ci wannan baiwar Allah kuskuren lissafi ne, kuma shi ne kuskuren da masu shirya tattakin kewaye suka fi yi. Sukan fara da tambayar kilomita nawa ƙafa za ta iya ci a yini, alhali tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce: ina ruwa na gaba yake, kuma in an tarar ya ƙafe, sai yaya? Madugan ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Azbin zuwa Fachi da Bilma sun daɗe da sanin wannan, domin daga rijiya zuwa rijiya suke yanka zangonsu.

Tattakin kewaye, wato a shiga ta wata turba a fito ta wata, ya fi na je-ka-ka-dawo daɗi, tun da ido ba ya maimaita abin da ya gani. Amma ya fi shi haɗari. Wanda zai koma ta inda ya bi ya riga ya ga kowace maɓuɓɓuga da idonsa. Mai kewaye kuwa, da zarar ya wuce tsakiya, gaba ta fi baya kusa, ga shi bai san halin da gaban ke ciki ba sai abin da taswira ta gaya masa. Taswira kuma ba ta san ko an yi ruwan kirki a bana ba.

Sa'an nan shi kwazazzabo dutse ne da aka kifa. Mai hawan dutse yakan sha wahala da fari yana da sauran ƙarfi, ya sauko da sauƙi. A nan sauƙin ne ke zuwa da fari. Bakin Giran Kanyon na kudu yana wajen mita 2,100 bisa teku, kogin Kolorado da ke gindinsa kuwa wajen mita 730. Iska tana ƙara zafi gwargwadon gangarawa, har bambancin sama da ƙasa yakan kai digiri goma ko fiye. Hukumar gandun takan gargaɗi baƙi cewa hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka.

Jikin ɗan Adam ba shi da wata babbar dabarar sanyaya kansa a irin wannan wuri sai gumi. Mai tafiya cikin zafi yakan zubar da rabin lita zuwa lita guda a kowace sa'a, wani lokaci fiye, kuma saboda bushewar iska gumin yana ƙafewa nan take, mutum bai ma san yana yi ba. Idan ruwan da ya fita ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, ƙarfi da natsuwa sukan fara raguwa. Ga mai kilo 60, wannan lita ɗaya ce da 'yan kai, wato aikin sa'a biyu. Ɗalibi na iya ƙarasa lissafin a allo: tafiyar sa'a takwas tana iya cin lita shida, kowace lita kuwa kilo guda ce a gadon baya. Kwana biyu ba mashaya ya zama kilo 12, ban da abinci da shimfiɗa, kuma nauyin kansa yana ƙara gumi. Saboda haka babu mai iya ɗaukar ruwan kewayen kwana huɗu. Dole ruwan hanya ne zai tsara masa inda zai kwana.

Akwai kuma kishiyar ƙishirwa, wadda mutane ba su cika sani ba. Gumi yana fita da gishirin sodiyam. Wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla ba ya cin komai, sai gishirin jininsa ya tsinke, ruwa ya kwarara cikin ƙwayoyin jiki, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Alamun farko, ciwon kai da tashin zuciya, sun yi kama da na galabaitar zafi, sai abokan tafiya su ƙara ɗura masa ruwa, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Abinci mai gishiri a kowane hutu yana cikin shirin tafiya kamar yadda gora take.

Wasu na ganin na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan Adam ta rage buƙatar wannan ɗawainiya. Tana da amfani ƙwarai, amma ba ta hana ambaliya. A watan Agusta na 1997 ruwan da aka yi can nesa ya kwararo cikin siririn kwazazzabon Antelof, duk a Arizona, ya kashe 'yan yawon buɗe ido 11, alhali inda suke ba a yi wani ruwan kirki ba. Na'ura kuma ba ta maye gurbin barin sallahu a gida. A 2003 Aron Ralston ya shafe kwana biyar dutse ya danne masa hannu a wani kwazazzabo na jihar Yuta, har sai da ya yanke hannun da kansa, domin bai gaya wa kowa inda za shi ba.

Ba kowane ruwa ne kuma abin sha ba. A shahararren kewayen da ke sauka ta turbar Hamit ya bi ta Tonto, ana dogara da rafin Hamit da na Monumen, bayan an tace ko an tafasa. Can gaba akwai rafin Hon, wanda ke ƙarƙashin tsohuwar mahaƙar yuraniyam da aka rufe a 1969. Ruwansa garau yake a ido, tafasawa ba ta raba shi da gubar, kuma hukumar gandun ta ce kada a sha shi sai in rai ne ke neman fita.