Seshuwar ba murhu ba ne: mu daina gasa gashin ɗiyanmu

 

A shirinmu na makon jiya wata uwa ta kira mu da murya mai ɗaci. Ta ce ta kai ɗiyarta mai shekara tara salon don kitson biki. Yarinyar Allah ya ba ta gashi mai cika da kauri, irin wanda mataji ke shiga ya ƙi fita. Mai salon ta wanke kan, ta kunna seshuwar a wuta ta ƙarshe, ta kafa bakinsa dab da fata tana ja da mataji. Yarinya na kuka, manya na ce mata ta yi haƙuri, ado sai da wahala. Bayan kwana biyu bayan kunnenta ya tashi, gashin kuma ya riƙa karyewa kamar busasshen kara. Tambayar uwar ita ce: wane seshuwar zan saya in dinga yi mata a gida? Mintocin da suka rage mana ba su isa amsa ba, shi ya sa muka kawo maganar nan.

Ga matsayinmu tun farko. Seshuwar, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa diraya, ba a gane mai kyau da tsananin zafinsa. Ana gane shi da yadda yake ba ki damar rage zafin. Kuma gashinmu ba abokin gaba ba ne da za a ladabtar da wuta. Ƙishirwa yake ji.

Bari mu yi bayani. In an yanka silin gashin da ya miƙe aka duba, kusan da'ira ne. Namu kuwa a ɗan baje yake, yana tafiya yana murɗewa. Duk inda ya murɗe wuri ne mai rauni, nan yake karyewa. Sannan fatar kai tana fitar da maiƙo nata na halitta. A gashin da ya miƙe maiƙon yana gangarawa har ƙarshe ba wahala, amma a namu kwana-kwanan suna tare shi, sai bakin gashin ya zauna a bushe. Ƙara da inda muke zaune: hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana tsotse laima har leɓe ya tsage, bazara kuma a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Gashin da ya riga ya sha wannan, mu kuma mu zo mu hura masa wuta kai tsaye. Abin da muke kira taurin gashi, sau da yawa bushewa ce kawai. In zafin ya yi yawa a kan jiƙaƙƙen gashi, ruwan da ke cikin silin yana iya tafasa ya bar ƴan kumfa a ciki, kuma silin da ya yi haka ba ya gyaruwa sai almakashi. Gashi kuwa kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata. Abin da aka ƙone cikin minti goma, sai an yi shekara ana jiran madadinsa.

To, wani zai ce, ai rana kyauta ce, me ya kai mu sayen na'ura? Gaskiya ne, kuma mun yarda cewa gidaje da yawa ba su buƙatarsa. Iyayenmu sun yi doka da zane da shuku ba su san seshuwar ba, yoɗo da man shanu suka riƙe. Amma rayuwa ta canja. Ma'aikaciya da za ta fita biro da safe, ko ƴar lise da ta wanke kai da dare, ba ta da awa uku na zama a tsakar gida kai buɗe. Sai ta ɗaura ɗankwali ta sa hijabi a kan danshi. Gashi mai cika yana iya yini bai bushe daga ciki ba, daga nan wari da ƙaiƙayi ke farawa, amosani kuma ya samu wurin zama. Ga sanyin hunturu da asuba, wanda ba mai son ya kwana da jiƙaƙƙen kai. Don haka na'urar tana da amfaninta. Matsalar ita ce wacce aka saya, da yadda ake riƙe ta.

In kin shiga babbar kasuwar Maradi, ko kasuwar Dole a Damagaram, ko Wadata a Yamai, kada ki fara da launi ko hoton baturiyar da ke jikin kwali. Juya na'urar ki karanta ƙananan rubutun da ke jikin mariƙi. Kuran ɗinmu a Nijar bolt 220 ne. In kin ga an rubuta 220-240V, ya yi. In 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, na Amurka ne, kuma da kin jona shi zai yi ƙara ya yi hayaƙi ya mutu, in ma bai ja miki wata asarar ba. Wannan ya fi faruwa da tsarabar ƴan uwa daga waje da kayan gwanjo. Duba kan wayar ma: piriz ɗin gidajenmu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, kayan da ke shigowa ta Kano ko Jibiya kuwa sau da yawa ƙafa uku ne masu kusurwa. Kada a tura su da ƙarfi ko a cire kan a cusa tsirarar waya. A nemi adapta mai ƙwari ko a kai wa mai gyaran kuran ya canja kan.

Sai ƙarfinsa. Yawancin na gida suna tsakanin wat 1200 zuwa 2200. Ku yi lissafi da mu: seshuwar mai wat 2000 yana jan abin da ƙwan fitila 200 masu wat 10 ke ja a lokaci guda. In ya yi minti 30 yana aiki ya ci kilowat-awa 1 cif. Masu konter na kati za su ga haka da idonsu. Yana jan kusan ampa 9, shi ya sa siririn ralonj ɗin da muke cajin salula da shi ke yin zafi har ya narke. A jona shi kai tsaye a bango. Gidan da ke kan ƙaramin sola kuwa, ya san cewa wannan kaya ya fi ƙarfin mafi yawan ƙananan injinan da ake sawa don fitila da fanka. Ga mai yi wa kanta da ƴaƴanta a gida, wat 1600 zuwa 1800 ya wadatar. Mai salon da ke aiki tun safe har dare ita ce ke buƙatar babba, mai injin da ake rubuta wa moteur AC, wanda ya fi nauyi a hannu amma ya fi daɗewa.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne maɓallai. Nemi mai maɓallin zafi daban, maɓallin ƙarfin iska daban, aƙalla matakin zafi uku, da maɓallin iska mai sanyi. Wanda ba shi da komai sai kunnawa da kashewa, ko a kyauta aka ba ki, ba na kan yaro ba ne. Gashi mai cika iska mai yawa yake so da zafi matsakaici. Na arahar nan akasin haka suke yi: iska kaɗan, zafi kamar bakin tanda. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa har ƙuna take yi.

Duba kuma kawunan da ake maƙalawa a baki. Akwai mai kama da mataji, wanda ke miƙar da gashi kafin kitso. Ki ja shi da hannu a gaban mai butik, in yana fita da sauƙi zai riƙa faɗuwa a tsakiyar aiki. Akwai mai faɗi kamar ƙwarya da ƴan yatsu a ciki, wanda ake kira difizer, yana watsa iskar a hankali ga wadda ke son gashinta ya bushe da murɗinsa. Sannan bayan na'urar akwai raga inda iska ke shiga. Zaɓi wanda ragar ke buɗewa, don ƙurar garuruwanmu da guntayen gashi suna toshe ta, in ta toshe zafi ya ƙaru, injin ya ƙone. Kalmomin ionique da céramique da ake bugawa da manyan haruffa ba laifi ba ne in da gaske ne, amma tawada ba ta da tsada, kowa na iya buga su. Abin da ba ya ƙarya shi ne gwaji. A jona a butik, ki sa bayan hannunki a gaban iskar, tazarar kamar taƙi guda. In hannunki bai jure daƙiƙa goma a matakin tsakiya ba, fatar kan ɗiyarki ma ba za ta jure ba. Mai butik da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ki amsa.

An saya, an kawo gida. Saura riƙo. A shekarar 2011 wasu likitocin fata a Koriya ta Kudu sun auna zafin da ke isa gashi gwargwadon tazara: a santimita 15 digiri 47, a santimita 10 digiri 61, a santimita 5 kuwa digiri 95, wato dab da tafasar ruwa. Sun kuma ga cewa lalacewar bayan silin tana ƙaruwa da ƙaruwar zafi. Darasin a fili yake: nisanta bakin da kamar santimita 15, kuma hannu ya riƙa motsi, kada ya tsaya wuri guda.

Kafin ma a kunna, yawancin aikin ya kamata a ce an gama shi. A yi tsifa a hankali, a raba gashin kashi huɗu ko shida a ɗaure. A wanke fatar kai da shamfu mai sauƙi, ba da sabulun wanki ko na garin wanke tufafi ba, wanda har yanzu wasu ke yi. A bi da man laushi da ake rubuta wa après-shampooing, ko yoɗo, wanda wasu ke ce wa karkashi, don santsinsa yana warware gashi sosai. A taje yana da santsin nan, da yatsu tukuna, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki a hau zuwa tushe. Kada a goge kai da tawul kamar ana wanke tukunya. A matse ruwan da tsohuwar rigar auduga, a bar iska ta yi rabin aikin. Sai a kunna a matsakaicin zafi, kashi-kashi, a rufe da iska mai sanyi. Bayan haka ɗan man kaɗanya ko na zaitun a baki, don ya riƙe laimar da ta rage. Mai ba ya shayar da gashi, ruwa ne ke yi, mai rufewa kawai yake. Kuma kada a cika kai da man shanu ko man gyaɗa sannan a hura wuta mai ƙarfi, wannan suya ce. Da dare a kwanta da ɗankwali mai santsi, don auduga na shanye maiƙo. Ba kowane mako ne ake buƙatar zafi ba. Wadda ta sa defrizan kuwa ta ƙara ninka hattara, don maganin ya riga ya raunana silin.

Abu guda da ba wasa a cikinsa: kuran da ruwa ba sa haɗuwa. Ba a kunna seshuwar a banɗaki ƙafa a jiƙe, ba a ajiye shi kusa da bokiti, in an gama a cire shi daga bango, ba a bar wa yara.

Ƴan uwanmu masu salon, mun san uzurinku. Ranar jajibirin salla mutum goma na kan benci, kowa na duba agogo, kuran na iya tafiya kowane lokaci, kuma kwastoma da kanta ke cewa a ƙara wuta gashin ya kwanta. Ba mu raina wannan ba. Amma kan da ya ƙone ba ya dawowa salon ɗinki, kuma uwar za ta faɗa wa unguwa duka. Ki tambayi yarinya ko da zafi, in ta ce e, ki yarda da ita. Haka ma jan kitso: gashin goshin da ake ja kullum har fata ta yi ƙuraje yana zubewa, in aka daɗe ana yi kuwa ba ya sake tsirowa. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Mu iyaye kuma mu gyara bakinmu. Yarinyar da tun tana ƙarama take jin ana cewa gashinta mugu ne, mai wahalar da mutane, za ta girma tana neman duk abin da zai kwantar da shi, ko da zai cinye shi. Gashi mai cika arziki ne, lokaci kawai yake nema. Maigidan da za a aika kasuwa, don Allah kada ka ɗauko na farko da aka miƙo maka don ya fi sauƙi da jaka biyu. Karanta bolt, ƙirga maɓallai, sa a gwada.

Ga uwar da ta kira mu, Hajiya, ki fara da kai yarinyar likita a duba ƙunar, kuma kada zafi ko kitso mai ja ya taɓa kan sai ta warke sarai. Sayen na'urar zai iya jira. Allah ya ba ta lafiya. Masu salon da ke ganin mun yi musu rashin adalci, layinmu a buɗe yake a shiri mai zuwa, ku kira mu ji naku ɓangaren. Mu kwana nan, Allah ya bar zumunci.