Takarda ce ke buɗe ƙofa, amma ba ita ke zaunar da kai ba

Jiya wani ƙanena ya kira ni, wai in taya shi haɗa kuɗin jarrabawar CCNA ta Cisco. Dala 300 ce fa, ku lissafa da canjin yau. Na ce ka shirya kuwa? Ya ce sarai, ai ya samo tambayoyin da suka fita da amsoshinsu a wani guruf na Telegram, ya haddace tas. Na ce to madalla, ga rauta biyu a ofishinmu, zo ka saita su su yi magana da juna. Shiru kake ji.

Jama'a, wannan fa ita ce cutar da ke cin mu. Tun da aka fara shirin 3MTT a 2023, matasanmu suka farga da harkar fasahar zamani, kuma abin farin ciki ne. Amma wasu sun mayar da abin tara satifiket kawai. Kowane mako sai a ɗora sabo a LinkedIn, mu kuma mu bi da "Allah Ya sanya albarka". To ranar da netwok ya faɗi, oga na tsaye a kanka, wa zai ba ka zaɓin A, B, C? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada wani ya ce na raina takarda. Ku shiga Farm Centre a Kano, za ku ga yaran da ke tayar da wayar da ta mutu murus, amma in kamfani ya buɗe gurbin aiki, ko intabiyu ba a kiran su, saboda babu shaida a hannu. Wannan ma asara ce, wallahi.

Abin da na faɗa wa ƙanena: Packet Tracer kyauta Cisco ke bayarwa. Ka sauke, ka haɗa, ka lalata, ka gyara, har sai ka san dalilin kowane mataki. Sannan ka biya kuɗin jarrabawa. CCNA bayan shekara 3 take ƙarewa sai an sabunta, abin da hannunka ya iya kuwa yana nan.

Iyaye, kafin ku sayar da tunkiya ku biya kuɗin kwas, ku ce yaro ya nuna muku abin da ya iya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.