Hanyar Keken Guragu a Samaru da Sabon Gari

Ya Edita,

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su samar da mashigar keken guragu, amma wa'adin ya cika alhali kwatoci na nan a buɗe gaban shagunan Samaru da kasuwar Sabon Gari. Gangare, wato shimfiɗar siminti mai maye gurbin matakala, ya fi na'urar ɗaga keke dacewa da garin da wutar lantarki ba ta tsayawa, muddin kowane santimita 1 na tudu ya samu santimita 12 na tsawo, domin wanda ya gaza haka yana iya kifar da mai keke. Ana roƙon Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ta fara da rufe kwatocin.

Daga wani mai karatu,
Samaru, Zariya