Wa ya naɗa ku alƙalan jini?



Akwai wata kotu da ta buɗe a unguwar nan tamu ta Agege, ba ta da ranar hutu, ba ta tashi ko da ƙarfe biyun dare. Alƙalanta na zaune a bencin mai shayi ko kwance a kan katifa, waya a hannu. Da zarar an ce an tsinci gawa, ko ta mai gadi ce a Ikeja ko ta ɗan dako a Mile 12, kafin a yi wa mamacin wanka sun gama shari'a. Wannan ya ce wai abokin cinikinsa ne, ai dama yana bin sa kuɗi. Wancan ya ce wai matar ce, a dubi idonta a bidiyon, ko ɗigon hawaye babu. Sai a ɗauko hoton bawan Allah a zagaye fuskarsa da jan layi, a jefa zauren WhatsApp, a rubuta a ƙasa cewa kowa ya tura don Allah. Don Allah fa! Da waɗannan alƙalai nake yau, da masu taya su turawa, waɗanda da yawansu sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

Duk wanda ke Legas a 2023 ya ga yadda wannan kotu ke aiki in ta samu babbar gawa. Mawaƙin nan Mohbad ya rasu ranar 12 ga Satumba yana da shekara 27, washegari aka binne shi a Ikorodu. Ba waƙarsa ce ta dame ni ba, abin da ya biyo baya ne. Cikin 'yan kwanaki mutanen intanet sun gama bincikensu. Aka ce tsohon ubangidansa Naira Marley da Sam Larry ne suka kashe shi, aka tono tsofaffin bidiyoyi ana ɗorawa a matsayin hujja, wasu gidajen rediyo suka daina sa waƙar ubangidan. Da aka gaji da su aka koma kan matar mamacin, tana cikin zafin rashin miji, aka ce a gwada jinin jaririnta ɗan watanni, wai ba ɗansa ba ne. Yaranmu na nan ma sun shiga, sun tura, sun yi sharhi kamar a gabansu aka yi.

To me ya fito? An tono gawar ranar 21 ga Satumba. 'Yan sanda suka ce wadda suka fi zargi wata ma'aikaciyar jinya ce da ta yi masa allurai a gida. Likitan da ya binciki gawar ya shaida wa kotun bincike cewa ta riga ta ruɓe, ba a iya tantance abin da ya yi ajalinsa. A Fabrairun 2025 kuma kotun majistare ta Yaba ta sallami Naira Marley da Sam Larry, bisa shawarar daraktan shigar da ƙara na jiha cewa babu hujjar da ta haɗa su da mutuwar. Ni ba lauyansu ba ne, Allah ne Ya san abin da ke tsakaninsu da mamacin. Amma ku duba wannan: likita da kayan aikinsa da ɗakin gwajinsa ya ce ba zai iya faɗa ba, yaron da ke sayar da caja a Pen Cinema kuwa ya san wanda ya yi kisan tun daren farko. Haba jama'a!

Na san abin da za a ce mini, ana faɗa mini shi a kasuwa kusan kullum. Malam, in ba a yi hayaniya ba wa zai kula da jinin talaka a ƙasar nan? Wannan magana tana da gaskiya a ciki. Ba don mutane sun yi ca ba, da wuya a tono waccan gawa. Mu da kanmu mun san iyalai nawa suka binne nasu suka koma gida, fayil ya ɓace, ba a sake jin komai ba. Ku yi hayaniya, ku nemi a yi bincike, ku tambayi kwamishinan 'yan sanda ina aka kwana, ku sake tambaya bayan wata guda. Hakkinku ne, ni ma ina cikinku. Inda na rabu da ku shi ne lokacin da bakin da ke cewa "a bincika" ya koma cewa "wane ne ya kashe". Mai cewa a bincika yana matsa wa hukuma ta yi aikinta. Mai kama suna ya ƙwace aikin ne daga hannunta, ya riƙe shi ba shaida, ba rantsuwa, ba a kuma ji ta bakin wanda ake zargi ba.

Kuma wannan kama sunan, wallahi mai kisan yake wa aiki. In sunan da kuka ɗora daidai ne, kun gaya masa ya kama motar dare ya tsallake Seme kafin 'yan sandan Panti su iso. In ba daidai ba ne, kun karkatar da idon kowa kan wani, shi kuma na gaskiyar yana cikin zauren yana taya ku turawa. Wanda ya ga abin da idonsa, da ya ga yadda ake yayata sunaye da lambobin waya sai ya ja bakinsa ya yi shiru, don yana da 'ya'ya. Wani shaidan kuma ya kalli bidiyo goma ya saurari saƙon murya ashirin, ranar da ya tsaya gaban alƙali ba ya iya rabe abin da ya gani da abin da aka tura masa, lauyan wanda ake ƙara ya yi kaca-kaca da shi cikin minti biyar. Shari'ar kisa a babbar kotu ake yin ta, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Mabiya dubu ɗari a Facebook ba sa zama shaida ko guda ɗaya a can.

Yanzu bari in zo inda abin ya fi shafar mu. Bayerabe in aka zarge shi a Legas, shi kaɗai aka zarga. Mu kuwa in aka zargi ɗaya, an zargi "aboki", wato ni da kai da mai gyaran takalmi da ya sauka daga tirela jiya. A watan Mayun 2022 aka kashe wani matashi mai haɗa sauti a Lekki bayan rigima da 'yan acaba, aka ƙone shi. Kisa ne na rashin imani, Allah Ya isar masa. Amma kafin a gurfanar da kowa, a intanet an riga an rataya laifin a wuyan 'yan Arewa baki ɗaya. Ba a yi mako guda ba gwamnati ta sanar da hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni. Ku tambayi masu babur na unguwar nan yadda suka ji a jikinsu.

Ku tuna kasuwar Shasha a Ibadan, Fabrairun 2021. Cacar baki ce tsakanin ɗan dako da wata mai shago, wani mai gyaran takalmi ya shiga, aka buge shi ya mutu. Maganar da ya kamata ta ƙare a caji ofis da mutum ɗaya a hannu, sai ta zama ta ƙabila da ƙabila. Rayuka suka salwanta, rumfuna da gidaje suka ƙone, Gwamna Makinde ya rufe kasuwar. Ku tuna Uromi a jihar Edo, Maris ɗin 2025: mafarauta 16 sun taso daga Fatakwal za su gida Kano yin sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka ƙone su. Duk mun yi kuka. To wane irin tunani ne ya ƙone su? An ga alama, an ga fuska, an yanke hukunci nan take. Shi ne dai tunanin da kake yi lokacin da ka zagaye fuskar mutum da jan layi. Su taya da fetur ke hannunsu, kai data ce a hannunka, kuma sau da yawa datar ce ke kiran fetur ɗin.

Ku lura da wani abu kuma. Masu zafin baki a waɗannan zaurukan, masu cewa a rama, da yawansu daga Kano ko Kaduna ko ƙasar waje suke rubutu. In ta ɓaci su kashe waya su yi barci. Mu ne rumfunanmu ke tsakiyar mutane, mu ne 'ya'yanmu ke bin hanya ɗaya da 'ya'yan maƙwabta zuwa makaranta. A 1999, rikicin Shagamu sai da ya ɗauki kwanaki kafin wutarsa ta kama a Kano, don labari a mota yake tafiya. Yau kafin ka ajiye kofin shayi ya isa.

Addininmu bai bar mu a duhu kan wannan ba. Akwai ƙissar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa a babin ƙasama, Bukhari da Muslim ma sun kawo ta, kamar don mu aka ajiye ta. Abdullahi ɗan Sahlu da Muhayyisa sun je Khaibara, garin Yahudawa, suka rabu kowa ya kama harkarsa, sai aka tsinci Abdullahi a kashe. Baƙo ne a garin wasu, tsakanin jama'arsa da masu garin kuma akwai tsohuwar gaba. In da a zaurenku ne, ai magana ta ƙare. Danginsa suka zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ƙaramin cikinsu ya yi saurin buɗe baki, aka ce ya bari babba ya fara. Sannan aka tambaye su ko za su yi rantsuwa hamsin a kan wanda suke zargi. Suka ce yaya za su rantse alhali ba su halarta ba, ba su gani ba. Mutanen da aka kashe wa ɗan uwa ke nan, zuciyarsu na tafasa, amma suka ƙi rantsewa kan abin da idonsu bai gani ba. Ba a kama Bayahude ko ɗaya ba. Manzon Allah ya biya diyyar raƙuma ɗari daga wajensa, don kada jinin ya tafi a banza, kada kuma a zalunci wanda ba a tabbatar a kansa ba. Ina tambayar mai turawa: za ka iya dafa Alƙur'ani sau hamsin a kan sunan da ka tura jiya? In ba za ka iya ko sau ɗaya ba, me ya kai yatsanka?

Kada kuma wani ya ce ai shi ba shi ya ƙirƙira ba, turowa aka yi ya tura. Ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, shugaban munafukai ne ya kunna shi, amma waɗanda aka yi wa bulala tamanin-tamanin Musulmi ne da suka ɗauka suka yaɗa, har da Misɗahu wanda ya halarci Badar. Suratun Nur ta zargi masu yaɗawar da cewa sun ɗauki abin da wasa alhali a wurin Allah babba ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da tantance labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Hausawa ma sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wanda ya ce ɗan wata ba na mijinta ba ne, ba tare da shaidu huɗu ba, ya san sunan abin da ya yi a fiƙihu, ko matar Musulma ce ko ba Musulma ba, mutuncinta ba naka ba ne.

Ga abin da nake roƙo. In ka ga wani abu da idonka, wurinsa Panti ne, sashen binciken kisa. Na san tsoron da ke ranku, kada mai kai rahoto ya zama shi ne farkon kwana a bayan kanta. Tsoro ne mai dalili, maganinsa kuma kada mutum ya je shi kaɗai. A bi ta fadar Sarkin Hausawa, a tafi da dattijo, a tafi da lauya. Kuɗin da muke zubawa a data cikin wata guda, in da kowace rumfa za ta ajiye kaɗan daga ciki, ya isa unguwar nan ta riƙe lauya nata na dindindin da zai riƙa bin fayil ɗin mamatanmu har kotu. Wannan ita ce hayaniyar da ke kama mai kisa.

Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa, na 'yan kasuwa da na masallatai, amana ce a wuyanku. Duk saƙon da ya kama sunan mutum ko ƙabilarsa a kan kisan da ake bincike, ku goge, ku kira mai shi ku yi masa magana. In ya sake, ku cire shi, ko ɗan wane ne. Hoton gawa kuma ku daina ɗorawa. Mamaci yana da alfarma, kuma bai dace uwa tana ƙauye ta fara ganin ɗanta kwance cikin jini a wayar maƙwabciya kafin wani babba ya je ya zaunar da ita ya gaya mata ba. Iyaye, ku riƙa tambayar yaranku abin da suke turawa, don dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, kuma ranar da aka zo kama yaro ku za ku yi yawon neman beli, mabiyansa ko ɗaya ba za ku gani ba.

Magana zarar bunu ce. Wanda aka rataya wa kisa a waya, ko kotu ta wanke shi, ba a sake ba shi bashin kaya, ba a ba ɗansa aure, kuma masu turawar nan babu wanda zai tura labarin wankewar. Wannan hakki yana nan yana jira, ranar da ba a biya da naira.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, namu da na maƙwabtanmu. Allah Ya tona asirin masu kisa ta hanyar gaskiya, Ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu, Ya zaunar da Zango lafiya. Wassalamu alaikum.