Kafin ku fasa salular yaro, ku tambaye shi a wace taswira yake yaƙi

Jama'a 'yan kasuwa, maza da mata, na Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke cin kasuwanninsu, yau maganata da ku ce, a kan wani abu da mafi yawanku ke ɗauka shirmen yara ne. Duk mai yaron shago, da duk uwar da ɗanta ke jire mata tebur, sun san wannan hali: yaro ya kwantar da salula ya riƙe ta da hannu biyu, ya toshe kunnuwa, yana magana da mutanen da ba a gani, mai saye kuwa ya yi sallama har sau uku ba a amsa ba, ya wuce rumfar gaba. Wasu iyayen kan ƙwace salular, wasu ma kan maka ta da ƙasa, bayan kwana biyu kuma yaron ya ari ta abokinsa a fada ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ra'ayina shi ne, faɗa da fashe-fashe ba su magance wannan al'amari ba, kuma ba za su magance shi ba. Abin da zai fi amfanar mai shago shi ne ya san abu guda game da wasan, wato taswirar da yaronsa ya fi so, domin ita ce ke nuna minti nawa wasan zai cinye da kuma irin kuɗin da zai biyo baya.

Bari in fara da bayanin abin da ake nufi. Wasannin harbe-harbe na ƙungiya da suka fi yawa a salulolin matasanmu guda uku ne: Call of Duty, da Free Fire, da PUBG. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne Call of Duty, wanda kamfanin Activision na Amurka ya fara fitarwa a shekarar 2003 a kan kwamfuta, bisa labarin Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da mazan jiyanmu suka halarta a ƙarƙashin tutar Faransa. A ranar 1 ga Oktoba, 2019 aka fito da na salula, kuma a makon farko kaɗai an sauke shi sau miliyan 100. Abin da yara ke kira taswira shi ne filin dagar da ake jefa su a ciki: gari ne ko unguwa ko tsibiri da aka zana a kwamfuta, mai gidaje da lunguna da wuraren ɓuya, inda mutum biyar ke karawa da mutum biyar, ko kuma a zuba jama'a da yawa a bar su sai wanda ya rage.

In kun saurari hirar matasa a fada da dare wajen shayi, za ku ji sunaye suna ta maimaituwa. Akwai Nuketown, wadda ta fito a 2010: gidaje biyu ne suna kallon juna, da mota bas a tsakiyar titi, an kwaikwayi garuruwan bogi da Amurka ta riƙa ginawa a hamada don gwajin makamin ƙare-dangi. Akwai Shipment ta 2007, ɗan fili ne murabba'i cike da kwantena, irin waɗanda 'yan kasuwarmu suka sani a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome. Akwai Rust ta 2009, wurin aikin mai a cikin sahara da hasumiya a tsakiya. Akwai kuma Crash, ita ma ta 2007, wani gari mai kama da na Gabas ta Tsakiya da jirgi mai saukar ungulu ya faɗo a tsakiyarsa. Duk waɗannan na Call of Duty ne, kuma dukkansu ƙanana ne ko matsakaita. Masu Free Fire kuwa tsibirin Bermuda suke yabo, inda ake saukar da mutum 50 da lema, masu PUBG kuma Erangel, wadda faɗinta kilomita 8 ne, tsawonta ma kilomita 8, ana zuba mata mutum 100.

Me ya sa wasu daga cikin waɗannan taswirori suka shekara fiye da 15 ana ta dawo da su, alhali an yi ɗaruruwan wasu an manta da su? Ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane amsar. Kun san dalilin da ya sa ake rububin rumfar bakin ƙofar kasuwa: nan ne kowa ke bi, ba a jiran mai saye. Haka Shipment da Nuketown suke. Da an jefa yaro a ciki, kafin ya ƙirga biyar ya yi arba da abokin gaba, in an harbe shi kuma nan take ya sake tashi ya koma fagen fama. Babu jira, babu doguwar tafiya. Masu ƙera wasan sun san da haka sarai, kamar yadda mai tebur ta san cewa alewa da cingam a gaba ake jera su daidai idon yara. Son da yaro ke yi wa taswira, da gangan aka gina shi.

To, ga inda sanin taswira ke amfanar mai shago. Karawa guda a ƙaramar taswira irin Rust ko Shipment galibi ba ta wuce minti 10. Ta Bermuda ma kamfaninta na Garena a kan minti 10 yake tallata ta, ko da yake takan ɗan zarce. Amma wanda ya sauka a Erangel, in bai mutu da wuri ba, sai ya share kusan rabin sa'a. Kuma ku sani, wasan da ake yi da mutane ta intanet ba a dakatar da shi kamar yadda ake dakatar da fim. In yaro ya fita a tsakiya, ya bar abokansa da giɓi, sannan a rage masa maki a matsayinsa. Shi ya sa in kin kira shi yake cewa “Inna, minti ɗaya,” minti ɗayan kuma ya zama ashirin. Sau da yawa ba raini ba ne. Ya shiga alƙawari ne da wasu mutum uku ko huɗu, yana jin kunyar saɓawa. Laifinsa na gaskiya shi ne shiga babbar taswira a lokacin da ya san yana bakin aiki.

Sai dai ƙananan taswirorin ma suna da nasu tarkon. Da yake karawar gajeruwa ce, yaro kan ce bari ya ƙara ɗaya, daga ɗaya sai goma, kamar mai cin gyaɗa soyayya. Don haka babbar taswira tana cin lokaci a dunƙule, ƙarama kuma tana cinsa a gutsure, kowace da irin dokar da ta dace da ita.

Yanzu mu zo kan maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafar jari. Ana sauke waɗannan wasanni kyauta, amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Microsoft bai biya kusan dala biliyan 69 na Amurka a 2023 ya sayi kamfanin da ke da Call of Duty don ya yi sadaka ba. Kuɗin farko shi ne na mega, ko a Airtel ne, ko Moov, ko Zamani. Na biyu shi ne na cajin salula, ga waɗanda ke ƙauyukan da babu wuta. Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne kuɗin cikin wasan: a Call of Duty ana ce masa CP, a PUBG UC, a Free Fire kuma lu'ulu'u. Da su ake sayen tufafin soja da bindigogi masu ado, waɗanda yaro ke son abokansa su gan shi da su a taswirar da kowa ke taruwa. Akwai ma wani tsari na juya sa'a, inda kowane juyi ya fi na baya tsada, babbar kyautar kuma galibi sai can ƙarshe take fitowa. Ƙasar Beljiyam tun a 2018 ta ɗauki akwatunan sa'a irin waɗannan da ake saye da kuɗi a matsayin caca.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce yaro yana zare dala 100 kacal daga cinikin rana don mega da abin da ya biyo baya. A wata jika 15 ke nan, a shekara jika 180. Ku tambayi matan Mayahi masu saƙa tabarmi da kabar Gulbin Kaba tabarma nawa za su kai kasuwa kafin su ga ribar jika 180. Ku tambayi matan asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka faro a nan Nijar tun 1991, mako nawa mace za ta yi tana zubi kafin ta tara wannan. Jari ba ya karyewa rana ɗaya, da kaɗan-kaɗan yake zurarewa, mai shi kuma yana ta zargin kasuwa ko masu cin bashi.

Na san akwai masu cewa babbar matsalar ita ce bindiga, wato yaron da ke harbi a salula gobe zai ɗauki ta gaske. Wannan tsoro yana da dalili a jihar da ta ga ta'asar 'yan bindiga a yankunan Madarunfa da Gidan Runji, ta kuma karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya tun 2019. Amma ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujja da ke nuna wasannin ne ke sa mutum aikata ta'asa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022, shi ne cewa jarabar wasan kan iya zama cuta in ta kai mutum ga barin aiki da karatu da barci. A ganina nan ne ya kamata mu sa ido. Duk da haka, manyan wasannin Call of Duty na zamani a Turai alamar shekara 18 ake manna musu, saboda haka ɗan firamare ba shi da abin yi a cikinsu.

Akwai kuma wani dalilin da zai sa babba ya leƙa ya ga abin da ke cikin taswira. A 2012 kamfanin Activision ya janye wata taswira mai suna Favela na ɗan lokaci, ya kuma nemi afuwa, bayan Musulmi masu wasan sun gano an rubuta sunan Allah a jikin wani firam da aka rataya a banɗaki a cikinta. Masu wasan ne suka gani suka yi magana har aka gyara. Wanda bai taɓa duban allon salular ɗansa ba, ta yaya zai san abin da ake nuna masa?

Abin lura kuma, kamfanin Tencent na ƙasar Sin ne ya ƙera Call of Duty na salula, amma a 2021 gwamnatin Sin ta taƙaita wa yaranta 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. In kika ga mai abincin sayarwa tana auna wa 'ya'yanta abin da za su ci daga tukunyarta, ke ma sai ki auna wa naki.

Shawarata ga iyaye da iyayen gida ita ce kamar haka. Da farko, ku zaunar da yaro cikin lalama ku ce ya nuna muku taswirar da ya fi so, ku tambaye shi minti nawa karawa ke ɗauka. Za ku sha mamakin yadda bakinsa zai buɗe. Na biyu, a yi yarjejeniya: ranar kasuwa babu wasa sam daga buɗe rumfa har rufewa, sauran ranaku babu shiga babbar taswira a bakin aiki, ƙarama kuma a ƙayyade adadinta bayan an tashi. Na uku, kuɗin mega ya fito daga ladan yaro na kansa, a rana tsayayya, kada ya fito daga akwatin ciniki. Na huɗu, kada a bar lambar sirrin asusun kuɗi na salula a hannun yaron da ke wasan, domin da danna maɓalli biyu ake sayen lu'ulu'u. Na biyar, a riƙa rufe lissafi kowace yamma tare da shi, abin da ya kamata a yi ko da babu wasa a duniya.

Daga ƙarshe, kada mu raina abin da ke kan yaran nan. Wanda ya haddace kowane lungu na Erangel, ya san inda ake samun kaya da inda ake kwanton ɓauna, ya kuma iya raba aiki tsakanin mutum huɗu, yana da ƙwaƙwalwar da fatauci ke buƙata. A ɗora shi a mota ya bi kasuwannin Kanembakashe da Korgom da Urafan, ya san inda wake ke araha da inda gero ke tsada, ya haddace su kamar yadda ya haddace Nuketown. In an bi ta Maijirgi, a tsaya a ba shi labarin Bule da Shanuwan, turawan Faransa biyu da suka ƙone garuruwan ƙasar Hausa a 1899 har sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a wannan yanki, don ya san cewa a yaƙin gaske wanda ya faɗi ba ya sake tashi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.